Me ya sa hadarin Dogo yake tasowa daga gabas?

Duk wanda ya yi damina a Dogo, kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, ya san abu biyu da ba sa jituwa. Tun ƙarshen bazara iska takan juya ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, da laima a cikinta, gumi ya ƙi bushewa a jiki, shamuwa ta dawo. Amma ran da za a yi ruwa ba mai duban kudu, gabas ake dubawa. Magina ma shaida ne: bangon gabas ruwa ya fi zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe. To in daga teku can kudu laimar take zuwa, yaya aka yi hadari yake ɓullowa ta wajen Gure, inda ƙasa ta fi bushewa?

Wasu sukan ce ai tafkin Cadi ne yake tura shi. Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba ta tsayawa da ƙafafunta. A Maraɗi da Yamai da Bamako daga gabas hadari yake zuwa, haka ma a Abeshe, wadda tafkin yake yamma da ita. Kuma tun bayan shekarun 1960 tafkin ya ƙanƙance ƙwarai, hadari bai sauya hanya ba.

Alamar farko tana bisa kanmu. Da hantsi a watan Yuli, ƙananan gizagizai na kusa da ƙasa sukan nufi arewa maso gabas, waɗanda ke can sama kuwa su nufi yamma. Ashe iska hawa-hawa ce. Balan-balan ɗin awo da masu hasashen yanayi suka daɗe suna saki daga Yamai da Agadas sun tabbatar da haka. Iskar damina mai laima ba ta da kauri, da wuya ta wuce kilomita ɗaya zuwa biyu daga ƙasa. A wajen kilomita uku zuwa huɗu akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, gudunta kusan kilomita 50 a awa. Abin da ya haife ta shi ne bambancin zafi tsakanin Sahara da ke tafasa a arewa da ƙasashen bakin teku masu sanyi-sanyi, sannan juyawar duniya ta karkata ta yamma. Girgijen hadari kuwa dogo ne, yakan kai kilomita 15. Ga shi nan kamar raƙumi: bakinsa yana kiwo a ƙasa cikin iskar kudu, akalarsa tana hannun iskar gabas.

Har yanzu da sauran rina a kaba. Girgije guda bai cika wuce awa ɗaya yana zubar da ruwa ba, amma hadarin da ya bi ta Dogo da almuru yakan iya kwana yana tafiya, gari ya waye masa a ƙasar Tawa. Me yake raya shi?

Amsar tana cikin abin da kowa yake gudu, wato ƙura. A tuna yadda abin yake zuwa. Gari ya yi tsit, zafi ya dame, sai jan bango na ƙura ya taso, mata su kwashe shanya, yara su koro awaki. Sai iska mai sanyi ta bugo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya na wajen rabin awa, daga nan yayyafi ya ɗauka har tsawon dare. Wannan iska mai sanyi daga cikin hadarin ta fito. Iskar gabas ɗin can busasshiya ce, idan ruwa ya ratsa ta wani sashe nasa yakan koma tururi, ita kuma ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu. Da ta ci karo da iskar kudu mai ɗumi sai ta kutsa ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama, sabon girgije ya haɗu a goshin hadarin. Na baya yana mutuwa da yayyafi, na gaba yana tasowa. Tun 1945 wasu masana biyu, Hamilton da Archbold, suka bayyana irin wannan jerin hadari a Najeriya. Nan ne kuma asirin holoƙo yake: idan laima ta yi ƙaranci, kamar da kaka, ruwan yakan ƙafe tun bai iso ƙasa ba, iska da ƙura kaɗai su iso.

Saura batun dare. Rana ce take tayar da hadari, galibi da la'asar, sau da yawa a kan tudu irin duwatsun Ayar da na Jos da na Darfur. Wanda ya farkar da mutanen Dogo tsakar dare, da la'asar ya haɗu a wani wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Ita ma iskar gabas tana tafe tana lanƙwasa, kowane kwana uku zuwa biyar wata lanƙwasa ta wuce, shi ya sa ruwa yakan zo ya huta ya dawo. Wasu daga cikin waɗannan lanƙwasa, in sun faɗa Atlantika bayan Dakar, su ne suke zama mahaukaciyar guguwa a gabar Amurka.

Manyan binciken da aka yi a kewayen Yamai, har da na shirin AMMA a 2006, sun nuna cewa mafi yawan ruwan Sahel daga waɗannan manyan hadura yake fitowa, kuma ba su da yawa a shekara. Biyu ko uku su kauce wa gari lokacin da gero yake fitar da kai, an shiga uku, alhali rake a fadamun Korama yana shan ruwan ƙasa abinsa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya gano cewa mafiya tsananinsu sun ninka uku tun 1982, kuma masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Mutanen Damagaram sun gani da ido a Satumbar 2024, da ruwa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni.

Manomin Dogo da yake son sanin ko ya watsa taki da yammacin yau, ya kira ɗan'uwansa a Gure. In ƙura ta rufe su da la'asar, yana da wajen awa uku.