Wayar ƙaninka a Bagudo: saiti ya fi ƙwace

A gidaje da yawa na ƙaramar hukumar Bagudo, daga Kaoje zuwa Illo da Lolo, ba uba ba ne yake saita wa yara waya. Yaya ne, wanda ya san kan Android. Shi ake kira idan ɗan SS2 ya kwana a TikTok ya makara makaranta, kuma hukuncin da aka saba yankewa shi ne a ƙwace wayar.

Sai dai ƙwacen ba ya zuwa ko'ina, domin karatun kansa ya koma cikin waya. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Kafin ɗalibi ya yi rajista, sai ya tura lambarsa ta NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 ya karɓi lambar shiga, kuma layin da ya yi amfani da shi zai ci gaba da binsa har lokacin neman gurbi. Yaron da bai taɓa riƙe waya da kansa ba, a hannun mai shagon intanet zai bar komai, har da kalmar sirrinsa.

Abin da ya fi shi ne a sakar masa linzami a hankali. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, kuma tana aiki a Tecno da Infinix da itel. Da ita babba zai ƙayyade awannin amfani, ya sa wayar ta kulle da daddare, ya kuma hana sauke wata manhaja sai da izininsa. TikTok na da Family Pairing, sannan tun 2023 ta sanya wa 'yan ƙasa da shekara 18 iyakar minti 60 a rana. Amma duk wannan ya dogara ne da ainihin ranar haihuwa. Ƙa'idar TikTok da Facebook shekara 13 ce, kuma yaron da ya ƙara wa kansa shekaru ya tsallake kariyar gaba ɗaya.

Mazauna bakin iyaka suna da ƙarin aiki. A wuraren Tsamiya, kusa da Segbana ta Jamhuriyar Benin, waya kan iya kama MTN na Benin ko Moov ba tare da mai ita ya lura ba, kuɗin kati ya zurare. A shiga saitin layi a kashe Data roaming, sannan a zaɓi kamfanin layi da hannu. Darussan bidiyo kuwa, a sauke su inda sabis ke da ƙarfi, a kalla daga baya ba tare da data ba.

Wani tarkon shi ne zaurukan WhatsApp da Telegram masu alƙawarin amsoshin WAEC da NECO a kan kuɗi. Shiga ɗakin jarrabawa da waya kaɗai ya isa a riƙe sakamakon ɗalibi.

Ostareliya ta bi hanyar hani, inda ta haramta wa 'yan ƙasa da 16 shafukan sada zumunta daga Disamban 2025. A gida kuwa, yarjejeniya ta fi sauƙin tsayawa: a zauna da yaron a yi saitin a gabansa, shi zai tsara lokacin karatunsa, waya ta kwana a falo. Idan ya cika alƙawari tsawon zango guda, a ƙara masa awa. Kafin ya kai ga rajistar JAMB, ya kamata a ce shi ke riƙe da kalmar sirrinsa, kuma shi ke kashe wayar da kansa.