Asalin Ɗanɗanon Daudawar Batso

A ƙasar Arewa, watau Dogon Dutsi da Tibiri, mata kan dafa gurguzu, su rufe shi kwanaki har ya zama daudawar batso. Cikin kwanakin nan ne bakteriya ke farfasa furotin zuwa tubalansa, watau amino asid. Iri 20 ne, biyu daga cikinsu ake kira masu tsami, gulutamat da asfatat, domin kowanne yana da ƙarin reshe mai sakin haidurojin.

Gulutamat ne ke ba miya garɗi, kamar yadda Kikunae Ikeda na Japan ya gano a 1908. Shi ne cikin dunƙulen magi, shi ne kuma ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Saboda haka ya kyautu masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su fara wannan darasi daga tukunyar daudawa, wadda kowane ɗalibi ya sani.