Gyaran Tsohuwar Amfilifayar Jita a Gida

Amfilifayar jita da aka ƙera a shekarun 1950 da na 1960 tana ƙara sauti ne da wasu ƙananan kwalaben gilashi da ake kira bawul, irin na tsofaffin akwatunan rediyo. Fitattu a cikinsu su ne Bassman ta kamfanin Fender na Amurka, da AC30 ta Vox wadda mawaƙan Beatles suka yi amfani da ita, da JTM45 da Jim Marshall ya fitar a Landan a 1962 bisa tsarin Bassman ɗin. Da hannu aka haɗa wayoyinsu, shi ya sa mai gyara yake iya bin kowace waya da ido.

Haɗarin aikin shi ne wuta. Ƙarfinta a cikin na'urar yana kaiwa bolt 400 zuwa 500, kuma manyan kafasitoci suna riƙe ta ko bayan an zare fulogi. Don haka ana fara sauke ta ta cikin resisto, a tabbatar da mita cewa ta ƙare, sannan a sa hannu. Idan dole a yi awo na'urar tana kunne, hannu ɗaya ake amfani da shi, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Ƙirar Amurka an yi ta ne don wutar bolt 120, wutar Najeriya da Nijar kuwa bolt 220 zuwa 230 ce, saboda haka sai da taransifoma mai rage ƙarfi. Tsohon fulogi mai ƙafa biyu kuma ana musanya shi da mai ƙafa uku.

Amfilifayar da ta daɗe a ajiye ba a jona ta kai tsaye. Ana ratsa wutar ta cikin ƙwan lantarki mai zare. Idan ya haska ya dushe, lafiya. Idan ya ci gaba da haske sosai, wayoyi sun haɗe a wani wuri. Ba a kunna ta babu lasifika, domin hakan na iya ƙone taransifomar fitar da sauti.

Daga nan kunne ne jagora. Gurnani mai kauri da ba ya sauyawa ko an rage murya yakan nuna cewa kafasitocin tace wuta sun bushe, abin da tsufa ke jawowa. Ƙarar ƙas-ƙas lokacin murɗa maɓalli datti ne, kuma feshin wanke kayan lantarki yana maganinsa. Idan ana jin fito ko amo kamar na ƙararrawa, sai a ƙwanƙwasa ƙananan bawul irin 12AX7 a hankali da tsinken katako. Wanda ya amsa da ƙarfi a lasifika shi ne mai laifi. Fis da ke yawan ƙonewa yakan nuna lalacewar babban bawul, irin 6L6 ko EL34, ko na mai daidaita wuta. Ba a maye gurbinsa da fis mafi girma, balle zaren waya. Idan farantin cikin babban bawul ya yi ja wur, a kashe nan take, domin wutar da ke ratsa shi ta wuce kima kuma sai an sake saita ta.

Ƙa'idar masu gyara ita ce a canza abin da ya mutu kawai, ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa. Ana ɗaukar hoton wayoyi kafin a narka dalma, a kuma adana tsofaffin sassan, domin darajar na'urar tana ga kayanta na asali. Sabbin bawul har yanzu ana ƙera su a Rasha da Sulobakiya da Sin. Taransifomar da ta ƙone kuwa, sake naɗa ta aikin ƙwararre ne.