Kafanchan da Tafiyar Saƙo a Lokacin Yaƙi

Tun daga 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo. A nan layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurdi yake rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. A wancan zamani kuwa, duk inda dogo ya bi, wayar tangaraho na biye da shi daga tasha zuwa tasha. Turawa sun san darajar wayar nan tun 1906, lokacin da ta kai wa Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, labarin tawayen Satiru yana Zungeru, alhali yawancin sojojinsa suna ƙasar Tibi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, Runduna ta Ɗaya ta Muhammadu Shuwa tana da cibiya a Kaduna, bakin daga kuma yana can bayan Makurdi. Jirgin ƙasan da ya ɗauko soja ko harsashi daga Kaduna zuwa can ba shi da wata hanya sai Kafanchan.

Amma isar saƙo daban, aiki da shi daban. Rundunoni uku aka kafa, ta Shuwa da ta Murtala Muhammad da ta Benjamin Adekunle, kowacce tana magana da Barikin Dodan, hedikwatar gwamnatin soja a Legas, kai-tsaye, ba ta cika sanar da 'yar'uwarta shirinta ba. Murtala jami'in sigina ne, ya san aikin sadarwa sarai. Duk da haka, a Oktoban 1967 an ba shi shawarar ya bi ta Idah ya haye kogin Neja, ya zaɓi ya tunkari Onicha ta ruwa daga Asaba. Aka yi asarar sojoji masu yawa. Daga baya ta Idah ɗin ya bi, Onicha ta faɗi a Maris na 1968. A Mayun 1969 shugaban mulkin soja Gowon ya sauya kwamandojin rundunonin uku gaba ɗaya.

Matsalar nan tana nan har yau: manomi a Zangon Kataf ko Kaura, kusa da Kafanchan, yana da waya a aljihu, sau da yawa ya riga soja ganin baƙuwar fuska a daji. Abin da ke damuna shi ne inda kiransa yake sauka. Ya kamata soja da 'yan sanda da masu unguwanni su haɗu a kan lamba ɗaya da kowane ƙauye ya sani, a ajiye mai amsa ta dare da rana, kuma a ba shi ikon tura mota nan take.