Hutun Zanzibar ko Sallar Damagaram?

Ga 'yan Damagaram mazauna Faransa, hutun shekara ɗaya ne tak. Abokan aiki na tafiya tsibirin Zanzibar shan iskar teku, iyaye kuma na zuba ido a Birni da Zango.

Zuwa gida ya ƙara wuya. Tun Agustan 2023 da Air France ta daina zuwa Yamai, sai an zaga ta Kasablanka ko Istanbul, sannan a hau bas a yi kusan kilomita 900 zuwa Zinder, ga kuɗin tsarabar dangi.

Masu zaɓar gida na cewa Zanzibar na nan ko yaushe, amma kakar da ke burin kai jikokinta kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ba ta da tabbacin ganin baɗi.