Sautin da ke fasa yanar ido, da masuncin Yauri

A Yelwa ko Wara, yawanci a ɗakin awon ciki aka san na'urar sauti, inda ake shafa wa mai juna biyu mai a duba jariri. Amma wannan sautin da kunne ba ya ji yana magani, musamman a ido. A 1967 wani likitan Amurka, Charles Kelman, ya ɗauko dabarar daga abin da likitocin haƙori ke kankare datti da shi. Ana zura siririyar allura mai karkarwa kusan sau 40,000 a daƙiƙa ta ƙofar da ba ta wuce milimita uku ba, ta farfasa madubin cikin idon da ya yi yana, a zuƙe shi, a sa na roba.

Aiki ne mai kyau, sai dai a ganina ba shi ne buƙatar masuncin Ngaski ko manomin Shanga da ya daina gane bakin gaɓa daga cikin kwalekwale ba. Binciken makanta na ƙasa, na 2005 zuwa 2007, ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, abin da kan ƙarasa idon. Matsalar ke nan: mutane ba sa isa wurin likita da wuri. Yanar da ta shekara da shekaru kuwa takan yi tauri, allurar sauti ta daɗe tana fama da ita har ta illata fatar gaban ido. Ga tsada, ga buƙatar wuta tsayayya, wadda ƙauyukan bakin tafkin Kainji ba su cika samu ba, duk da madatsar ruwan na maƙwabtaka da su tun 1968.

Wani zai ce fifita tiyatar hannu a kan allurar sauti ai ware wa talaka aikin baya ne. Hujja ba ta goyi bayansa ba. A gwajin da Dakta Sanduk Ruit da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 daga Nepal, an kwatanta na'urar da tiyatar hannu mai ƙaramar tsaga, wadda ake zaro yanar ɗungurungum. Bayan wata shida ganin marasa lafiyar ya zo kusan ɗaya, aikin hannu kuma ya fi sauri da araha. Kuɗin na'ura guda zai fi amfani in aka kashe shi wajen ajiye likitan ido da kayan aikinsa a babban asibitin Yauri, tsohon da ke tsibiri ya huta da doguwar tafiya zuwa Birnin Kebbi ko Kaduna.