Allon Haruffa Mai Sauya Harshe

Yara, ku dubi kalmomin nan biyu: fada da faɗa. Ƙugiya ɗaya ce tak ta raba su. In yaro a Giyawa ya aika wa babansa saƙo cewa ana kiransa faɗa, alhali kuwa fada ake nufi, ai ya tayar da hankalin gida a banza.

Hausar boko tana da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. A Nijar kuma suna ƙarawa da ƴ, inda mu muke rubuta 'y. To, galibin kwamfutocin da ake kawowa ƙasarmu, haruffan Turanci 26 ne a kan maɓallansu, babu masu ƙugiya. Yaya ke nan za a yi?

Ga dabarar. A cikin kwamfuta akwai wani allon haruffa wanda ba a iya ɗaukarsa da hannu, hotonsa kawai ke fitowa a fuskarta. Sai mutum ya buɗe shi, ya zaɓi harshen da yake so. In ya zaɓi Hausa, zai sami haruffan nan masu ƙugiya. In ya zaɓi Larabci, nan da nan haruffan allon su rikiɗa, rubutu kuma ya riƙa tafiya daga dama zuwa hagu. Ana taɓa harafi da yatsa ko da linzamin kwamfuta, sai ya hau takarda. Wayar hannu ma tana da irin wannan allo, kamar Gboard.

Rubutu da harsuna da yawa tsohon abu ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, duk da alƙalamin kara da tawada. Ɗan'uwanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke nan Wurno, ya wallafa littattafai masu yawa da Larabci.

Saboda haka, duk ran da kuka zauna gaban kwamfuta, ku fara zaɓen harshe tukuna, sa'an nan ku ba kowane harafi ƙugiyarsa.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin baki da baƙi?
2. Daga wane gefe ake fara rubutun Larabci?